Kaboyi a Bakin Nilu: Nazari a Kan Fim Ɗin Khartoum

Duk wanda ya yi zamani da gidajen silima marasa rufi, ko a Kano ne ko a Omdurman, ya san fim ɗin kaboyi tun daga ƙarar kofaton doki ta farko. Akwai fili fetal wanda ido ba ya ganin ƙarshensa. Akwai ɗan ƙaramin gari ko barikin soja da abokan gaba suka yi wa ƙawanya. Sai kuma jarumi guda, mai taurin kai, wanda manyansa suka ce ya janye ya ƙi. Can kusa da ƙarshe sai a ji busar ƙaho, sojan doki su ɓullo daga bayan tudu, 'yan kallo su miƙe tsaye suna tafi da fito. An buɗe silimar Coliseum a Khartum a 1935, aka buɗe Rex a Kano a 1937, kuma shekaru da yawa bayan haka irin wannan labari yana cikin abin da samari suke biyan kuɗi su gani da dare, tare da finafinan Masar da na Indiya.

A watan Yuni na 1966 aka fara nuna wani dogon fim a Landan mai suna Khartoum. Basil Dearden ne ya ba da umarni, Robert Ardrey ya rubuta labarin, Charlton Heston ya fito a matsayin Janar Gordon, Laurence Olivier kuma ya fito a matsayin Muhammad Ahmad, Mahadin Sudan. Masu sayar da shi sun kira shi fim ɗin tarihi. Amma wanda ya saba da kaboyi, idan ya zauna ya dube shi da kyau, zai gane ɗan gida ne aka sa wa rawani. A watan Janairu na 2014 wani ƙaramin kamfani a Amurka mai suna Twilight Time ya sake fitar da shi a faifan Blu-ray, kwafi 3,000 kacal, da hotonsa wankakke da cikakken faɗinsa. Wannan faifai shi ne dalilin wannan nazari, gama ya fito da kyan fim ɗin fili, ya kuma fito da aibinsa fili, har mai kallo ba shi da sauran uzurin cewa bai gani ba.

Abin da labarin ya ƙunsa

Fim ɗin ya buɗe da kogin Nilu, mai ba da labari yana magana a kan daɗewarsa. Daga nan sai a ga rundunar Masar ta mutum kimanin 10,000 a ƙarƙashin wani Bature, Hicks, tana tafe cikin ƙishirwa a ƙasar Kurdufan, har mayaƙan Mahadi suka faɗa mata suka gama da ita. Wannan ya faru da gaske a Shaikan a watan Nuwamba na 1883. Labari ya kai Landan, inda Firayim Minista Gladstone, wanda Ralph Richardson ya fito a madadinsa, ba ya son kashe kuɗi ko jinin sojan Ingila a Sudan, amma kuma ba ya son jama'a su ce ya yi zaune. Dabarar da aka yi ita ce a aika mutum ɗaya, Gordon, ya je ya kwashe Misirawa da Turawan da ke Khartum. Idan ya yi nasara gwamnati ta sha yabo, idan ya faɗi kuwa laifin nasa ne shi kaɗai.

Gordon ya isa Khartum ranar 18 ga Fabrairu 1884. Maimakon ya kwashe mutane ya tafi, sai ya zauna, ya haƙa ganuwa tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, yana fatan zamansa zai tilasta wa Landan ta aiko da soja. Ƙawanyar ta yi wata goma. Gladstone ya yi ta jan ƙafa, a ƙarshe ya aiki Janar Wolseley, wanda shi ma ya yi tafiyar hawainiya. Ranar 26 ga Janairu 1885 Ansaru suka shiga garin da asuba, aka kashe Gordon a fadar gwamna. Jiragen ruwan da suka zo ceto sun iso ranar 28 ga wata, kwana biyu bayan an gama komai.

To, ga inda fim ɗin ya bambanta da 'yan'uwansa na kaboyi, kuma nan ne ƙarfinsa yake. An shirya wa mai kallo dukkan alamun da ya saba da su. An nuna masa sojan ceto suna tafe a kan raƙuma, an nuna masa waɗanda aka tsare suna hawa soro suna duban arewa. Kunnensa yana jiran busar ƙaho. Ƙahon bai zo ba. Ardrey ya ɗauki alkawarin da kowane fim ɗin kaboyi yake yi wa mai kallo ya karya shi da gangan, domin tarihi ma haka ya yi. Ba mamaki da aka sa rubutun nasa cikin waɗanda suka yi takarar lambar Oscar ta wannan shekara.

Hannun Yakima Canutt

Kamar da ke tsakanin Khartoum da kaboyi ba ta tsaya ga tsarin labari ba. Mutumin da ya shirya fagen yaƙe-yaƙen fim ɗin shi ne Yakima Canutt, wanda ya fara rayuwarsa a matsayin mahayin dawakin gasa a yammacin Amurka. Shi ne wanda ya yi tsallen nan mai ban tsoro tsakanin dawakin keken doki a fim ɗin Stagecoach na John Ford a 1939, ya faɗi ƙasa keken ya wuce ta kansa. Yana kuma cikin waɗanda suka shirya tseren karusa a Ben-Hur a 1959, inda Heston ɗin nan dai ya fito. Watau mutumin da ya koya wa Hollywood yadda doki yake faɗuwa a gaban kyamara shi aka kawo Masar, inda aka ɗauki hotunan waje na fim ɗin, aka ba shi dawaki da raƙuma da ɗaruruwan mutane.

Aikinsa yana da kyau ƙwarai. A harin da aka kai wa Hicks, ya bar filin shiru na ɗan lokaci, sojoji suna tafe a gajiye, sannan mayaƙa suka ɓullo daga bayan tuddai gaba ɗaya kamar ƙasa ce ta tofar da su. Akwai kuma wurin da Gordon ya fita da mahaya don koro shanu zuwa cikin gari saboda yunwa, Ansaru suka biyo su. Wanda ya cire rawunan ya sa huluna masu faɗi zai rantse a Teksas aka yi abin. Canutt ya san cewa mai kallo yana bukatar ya gane inda kowa yake kafin a gwabza: ga kogi, ga ganuwa, ga inda mahara za su fito. Finafinan yaƙi da yawa na yanzu sun manta da wannan, suna yanka hoto ƙanana ƙanana har mutum ya rasa wa yake bin wa.

Sai dai hannun gwani yana zuwa da ɗabi'arsa. A finafinan kaboyi na wancan zamani, jajayen Indiyawa, watau asalin mutanen ƙasar Amurka, yawanci taro ne kawai mai ihu wanda yake gangarowa daga tudu don a harbe shi. Ba a cika nuna gidajensu ko dalilin fushinsu ba. Haka Canutt da Dearden suka ɗauki Ansaru. Suna da kyan gani cikin jibbarsu mai faci da tutocinsu, suna da jarumtaka, amma mai kallo zai gama fim ɗin bai san sunan ko da mutum uku daga cikinsu ba.

Abin da faifan ya maido

An ɗauki Khartoum da wata hanya da ake kira Ultra Panavision 70, wadda faɗin hotonta ya kusa ninka tsayinsa sau uku, watau 2.76 a kan 1. Tsohon akwatin talabijin kuwa faɗinsa 1.33 ne a kan 1. Duk lokacin da aka matsa irin wannan hoto don ya cika fuskar akwatin, kamar yadda aka saba yi a zamanin kaset, fiye da rabinsa ake yankewa a zubar. Mutum biyu suna magana, sai a ga ɗaya kawai, ɗayan murya ce daga waje. Runduna ta cika fili, sai a ga doki biyar. Wanda ya san fim ɗin ta wannan hanya kamar wanda ya leƙa hawan salla ne ta ramin ƙofa.

Faifan 2014 ya maido da faɗin. Yanzu ana ganin abin da mai ɗaukar hoto, Edward Scaife, ya nufa: jirgin Gordon ɗan mitsitsi a tsakiyar Nilu, gaɓa biyu suna kallonsa, da layin sojan Hicks siriri kamar zare a cikin rairayi. Wannan faɗi yana faɗar abin da bakin 'yan wasa bai faɗa ba, wato ƙasar ta fi ƙarfin waɗanda suka zo mallakarta. Launi ma ya dawo. Jan dara na hafsoshin Masar da farar rigar Gordon da shuɗin ruwa sun rabu da juna sarai, maimakon jajayen duhun nan da tsohon kaset yake bayarwa. Kiɗan Frank Cordell, wanda yake da nauyi irin na faretin soja, ya fito tas.

Akwai wani abin tarihi game da wannan hanyar ɗaukar hoto. Khartoum ne fim na ƙarshe da aka yi da ita har kusan shekara 50, sai a 2015 da Quentin Tarantino ya sa aka kakkaɓe tsofaffin gilasan kyamarar ya ɗauki The Hateful Eight da su. Shi kuwa wannan fim ɗin kaboyi ne tsantsa.

Amma Hausawa sun ce rana ba ta ƙarya. Hasken da ya nuna kyan Nilu shi ne ya nuna fentin da ke fuskar Olivier. A tsohon kaset mai dishi-dishi mutum yana iya ɗaukarsa Balarabe baƙi. A Blu-ray ana ganin Bature ne aka shafa wa launin ƙasa, aka zizara masa kwalli, yana juya idanu yana lanƙwasa harshe. Shekara ɗaya kafin nan ya yi irin wannan shafe-shafe a fim ɗin Othello. Ana kuma gane cewa tantin Mahadi a cikin ɗakin ɗaukar hoto yake a Ingila, domin haskensa na fitila ne, ya sha bamban da zafin ranar da ke sauran fim ɗin. Olivier bai taka rairayin ba. Saboda haka duk lokacin da aka koma wurinsa sai fim ɗin ya zama kamar wasan dandamali, iska ta daina kaɗawa.

Ganawar da ba a taɓa yi ba

Zuciyar fim ɗin ita ce ganawa biyu tsakanin Gordon da Mahadi. A ta farko Gordon ya hau raƙumi da baransa Khaleel ya tafi sansanin Ansaru ba makami. A ta biyu, dab da faɗuwar gari, Mahadi ya nuna masa shaidar cewa an kashe Kanar Stewart da abokan tafiyarsa, waɗanda Gordon ya aika neman taimako, ya kuma ba shi dama ya fita da ransa. A tarihi mutanen nan biyu ba su taɓa haɗa ido ba. Wasiƙu suka yi ta aika wa juna. Gordon ya yi wa Mahadi tayin sarautar Kurdufan ya aika masa da kyautar tufafi, Mahadi ya mayar da kyautar, ya aiko masa da jibba mai faci yana kiransa ya bi shi.

Ba laifi ba ne marubucin wasa ya mai da wasiƙa ta zama magana baki da baki. Wannan haƙƙinsa ne, kuma wuraren biyu suna cikin mafi daɗin sauraro a fim ɗin. Ardrey ya ga wani abu na gaskiya: mutanen biyu sun yi kama. Kowannensu ya gaskata cewa Allah ne ya ɗora masa aiki, kowannensu ba ya tsoron mutuwa, kuma dubban talakawa ne za su biya kuɗin wannan tabbaci nasu. Heston, wanda aka saba gani yana ɗaga murya, a nan ya yi wasa a natse, ya bar girman kan Gordon ya fito tare da tausayinsa. Akwai masu ganin wannan yana cikin mafi kyan aikinsa, kuma faifan ya goyi bayansu, gama yanzu ana ganin ƙananan motsin fuskarsa. Fim ɗin ya kuma yi wa Mahadi adalci guda: da aka kawo masa kan Gordon a kan sanda, ya yi kuka ya ce ya hana a yi haka. Wannan ya yi daidai da abin da aka ruwaito, cewa ya so a kama shi da rai.

Inda aka yi rashin adalci shi ne wajen dalili. Mahadin fim ɗin mutum ne da ya fito daga hamada haka kawai da wahayi da takobi, yana shirin zubar da jini daga Khartum har Istambul. Ba a gaya wa mai kallo cewa Sudan ta yi shekara 60 a ƙarƙashin mulkin Turkawan Masar tun daga 1821 ba, da harajin da ake karɓa da bulala, da hafsoshi baƙi waɗanda ba su jin harshen mutanen da suke mulka. Ba a ce Muhammad Ahmad ɗan masu sassaƙa jirgin ruwa ne daga wajen Dongola ba, malami mai gudun duniya a ɗariƙar Sammaniyya, wanda mutane suka san shi da tsoron Allah a tsibirin Aba tun kafin ya yi shelar Mahadiyya a 1881. Ko mutum ya yarda da da'awarsa ko bai yarda ba, kuma malamai da yawa na zamaninsa ba su yarda ba, ba zai gane abin da ya sa manoma da makiyaya suka bi shi da sanduna da masu a gaban bindiga ba sai ya san abin da suke gudu. Fim ɗin ya ba Gladstone minti da yawa ya bayyana siyasarsa. Bai ba wani Basudane ko minti ɗaya ya bayyana tasa ba.

Haka kuma an gyara Gordon. An nuna shi a matsayin wanda ya kawar da bauta a Sudan, har jama'a suna ɗaga shi sama da ya dawo. Gaskiya ne ya yaƙi fataucin bayi lokacin da yake gwamna daga 1877 zuwa 1880. Amma da ya dawo a 1884, don ya sami goyon bayan masu hali, ya yi shela cewa ba za a taɓa masu riƙe da bayi ba. Ya kuma roƙi Landan sau da yawa ta aiko masa da Zubairu Fasha, babban dillalin bayi, ya gaje shi a mulkin Khartum, gwamnati ce ta ƙi saboda tsoron surutun jama'ar Ingila. A fim ɗin an juya abin, aka nuna Zubairu ne ya ƙi saboda jinin ɗansa. Gordon na gaskiya ya fi na fim ɗin rikitarwa, kuma da an bar shi yadda yake da labarin ya fi haka armashi.

Inda labarin ya taɓa ƙasar Hausa

Mai karatu Bahaushe yana da dalilin duban wannan fim da ido na musamman, gama igiyar labarin ta kai har ƙofar gidansa. Zubairu Fasha ɗin nan, wanda Zia Mohyeddin ya fito a madadinsa na 'yan mintoci, shi ne ubangidan Rabeh. Da aka karya rundunar Sulaiman ɗan Zubairu aka kashe shi a 1879, a zamanin gwamnan Gordon, sai Rabeh ya kwashi sauran mayaƙa ya nufi yamma. Shi ne ya ci Borno a 1893, ya kafa hedkwatarsa a Dikwa, har Faransawa suka kashe shi a Kusuri a 1900. Watau abin da aka ambata a gurguje a wani ɗaki a Alƙahira cikin fim ɗin shi ne mafarin ƙone Kukawa.

Kiran Mahadi ma ya iso yamma. Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda yake zaune a Balda a ƙasar Adamawa, ya yi wasiƙa da Mahadi, ya yi masa mubaya'a, aka naɗa shi wakili a ƙasashen yamma. Daga baya ya haɗa kai da Rabeh. Tun kafin wannan, alhazai daga Kano da Katsina da Sakkwato suna ratsa Sudan a ƙasa zuwa Makka, wasu su yi shekaru a hanya suna noma suna tara guzuri, wasu su zauna ke nan. Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas aka kashe shi a Burmi, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har bakin Shuɗin Nilu, inda garin Mai Wurno yake kusa da Sinnar. Zuriyar waɗannan matafiya suna cikin mazaunan Khartum da Omdurman. Idan ɗayansu ya kalli taron da ke gangarowa kan ganuwa a fim ɗin, ba lalle ne ya ga baƙi ba.

Fim ɗin ya tsaya a mutuwar Gordon, da 'yar magana cewa Mahadi ma bai daɗe ba. Ya rasu a Omdurman a watan Yuni na 1885, wata biyar bayan nasararsa. Abin da ba a nuna ba shi ne ramuwar. Ranar 2 ga Satumba 1898, a Karari, arewa da Omdurman, Kitchener, wanda aka nuna a fim ɗin yana ƙaramin hafsa mai kirki, ya fuskanci rundunar Halifa Abdullahi da bindigogi masu ruwa. Ansaru fiye da 10,000 suka mutu a safiya ɗaya, a gefen Kitchener kuwa waɗanda suka mutu ba su kai 50 ba. Aka rushe ƙubbar Mahadi, ba a sake gina ta ba sai 1947. Sojan doki sun iso ke nan, bayan shekara 13. Abin lura kuma, a shekarar da fim ɗin ya fito, 1966, Sadik al-Mahadi, tattaɓa-kunnen mutumin da Olivier ya kwaikwaya, ya zama Firayim Ministan Sudan mai 'yancin kai. Mutum-mutumin Gordon a kan raƙumi kuwa an riga an sauke shi daga tsakiyar Khartum a 1958 an mayar da shi Ingila.

Garin da ba shi da allo

Akwai wani abin baƙin ciki game da faifai mai kyau irin wannan. An yi fim ɗin don babban allo, garin da ya ba shi suna kuwa ya rasa allunansa. Bayan juyin mulkin 1989 gidajen silima na Sudan suka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya. A 2019 wani matashi, Suhaib Gasmelbari, ya fitar da fim mai suna Talking About Trees, wanda ya ci lambar yabo a bikin finafinai na Balin. Ya bi dattawa huɗu masu shirya fim, Ibrahim Shaddad da Sulaiman Ibrahim da Manar al-Hilo da Altayib Mahadi, suna share wata tsohuwar silima marar rufi a Omdurman don su sake buɗe ta. Da suka tambayi mutanen unguwa abin da suke so a nuna, zaɓin ya faɗa kan Django Unchained na Tarantino, fim ɗin kaboyi wanda jaruminsa bawa ne baƙi da ya sami 'yanci ya hau doki. Hukumomin lokacin suka yi ta yi musu jeka-ka-dawo da takardun izini har abin ya gagara. Zaɓin nan na mutanen Omdurman ya isa sharhi a kan Khartoum. Suna son kaboyi har yanzu, amma wanda ke kan dokin suke so ya canja.

Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum tsakanin sojan ƙasa da dakarun RSF. Fadar shugaban ƙasa, wadda take a wurin da Gordon ya faɗi, ta zama fagen fama, sojan ƙasa ba su karɓe ta ba sai a watan Maris na 2025. An wawashe gidan tarihi na ƙasa. A makonnin farko na yaƙin kyamarorin duniya sun fi bin jiragen da suka zo kwashe jakadu da baƙi, da motocin da suka ɗauki ɗalibai, har da na Nijeriya, zuwa iyakar Masar. Da baƙin suka gama fita, labarin ya ja baya a gidajen talabijin, alhali miliyoyin 'yan gari suna cikin wuta ko suna kan hanyar gudun hijira. Wanda ya kalli Khartoum bayan wannan zai ji wani abu ya soke shi, domin tambayar da aka aiki Gordon da ita a 1884, wato yadda za a fitar da baƙi, ita ce aka sake yi bayan shekara 139. A fim ɗin, abin yabo ne cewa Gordon ya ƙi wannan tambaya ya ce mutanen garin ma mutane ne. Sai dai fim ɗin da kansa bai bi shawarar jaruminsa ba. Mutanen garin suna nan a bayan hoto, suna tafi idan ya iso, suna yunwa idan labari ya bukaci yunwa. Baƙar fata guda da aka ba magana sosai shi ne Khaleel, wanda Johnny Sekka, haifaffen Dakar, ya fito a madadinsa da mutunci da barkwanci, amma shi ma bara ne.

Duk da haka ba daidai ba ne a ce a jefar da fim ɗin. Gyara tsohon fim kamar gyara tsohon littafi ne: ana yi don a iya karanta shi sosai, har da wuraren da marubucin ya yi kuskure. Waɗanda suka adana Khartoum sun yi aikin kirki, kamar yadda cibiyar Arsenal ta Balin ta yi da ta gyara gajerun finafinan dattawan nan na Sudan aka nuna su a 2019, ayyukan da da sun lalace a cikin gwangwani. Bambancin shi ne fim ɗin Heston yana da kamfani mai kuɗi a bayansa, na Shaddad da abokansa kuwa sai da baƙi suka ji tausayi.

Wanda ya sami faifan, ko wani kwafi mai cikakken faɗi, ya kalle shi a allo mafi girma da zai iya samu, da dare, tare da jama'a, yadda aka saba kallon kaboyi. Ya ji daɗin dawakin Canutt da kogin Scaife da gardamar Heston da Richardson, gama sun cancanci a ji daɗinsu. Idan akwai yara a wurin, kada a tashi da zarar an rubuta ƙarshe. A gaya musu wane ne Muhammad Ahmad kafin ya zama Mahadi, da abin da ya faru a Karari, da yadda Rabeh ya iso Dikwa, da dalilin da ya sa ake jin Hausa a kasuwar Omdurman.